Jitar da Ta Daina Ƙugi

Ranar Asabar da la'asar Tsoho ya faɗo daga kan dandamali, zaure cike da mutane. Ba tuntuɓe ya yi ba. Ya hau, ya rataya jitarsa, ya soka mata waya, sai ya fara juyawa a hankali kamar mai neman inda aka kira sunansa. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ba jama'a baya. 'Yan kallo suka yi dariya, sun zaci sabon salo ne. Ya ƙara taku ɗaya, ƙafarsa ta sami iska.

Targaɗe ya yi a idon sawu. Da aka taru a kansa bai ambaci ƙafar ba. Cewa ya yi, "An taɓa mini jita."

Aka kwance ta nan take, aka ga gaskiyarsa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai wasu 'yan sanduna biyu na maganaɗisu, naɗe da siririyar waya. Makaɗa na ce musu fikof. Su ke jin motsin tsirkiya su kai wa lasifika. Na Tsoho sun girmi rabin mutanen zauren, yayansa marigayi ne ya naɗa su da hannu. An cire su, an sa sababbi, an mayar da tsofaffin marafai a kai don kada ido ya gane.

Kafin rana ta faɗi unguwa ta gama shari'a. Shagon gyaran kayan kiɗa guda ne a layin, yana manne da zauren, mai shi kuma, Mai Gyara, surukin Tsoho ne, mijin autarsa. A kantarsa ake ganin irin sababbin nan. Aka ce tsofaffin suna da daraja wurin masu tara kayan da, ya kwance ya sayar. Uwar Ɗaki, wadda zauren da shagon duk nata ne, ta ce in ba a ga kayan ba kafin wasan Asabar mai zuwa, ya kawo mata makulli. Tsoho ya aiko daga kan gadon jinya cewa duk wanda ya yi wannan, ba shi ba shi har abada.

Mai Gyara bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

*

Mai Ganga, abokin kiɗan Tsoho, shi ne ya je ya ɗauko Mai Sawu. Mai Sawu dattijo ne ɗan siriri, ya yi ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin namun daji a gandu. Tun da ya ajiye aiki, ɓatattun abubuwan unguwa suka zama nasa.

"Abin yana da ƙafa?" in ji shi.

"Babu, Kawu."

"Wanda ya ɗauke shi yana da ita. Mu je."

A zauren bai kalli kowa ba, ƙasa ya kalla. Ya hau dandamalin, ya tsuguna a gefen hagu. Fentin katakon wurin ya goge, amma ba gugar tsayuwa ba ce. Wani ɗan baka ne, kamar jinjirin wata.

"Wa ke tsayawa nan?"

"Tsoho."

"Rawa yake yi?"

"Tsoho? Ko kai ba ya kaɗawa. Ɗan juyi dai yake yi a kan dunduniya kafin ya fara. Mun ɗauka camfi ne."

"Tun yaushe?"

Mai Ganga ya sosa ƙeya. "Da dai ba ya yi. Shekarun nan ne."

"Me ke bayan bangon nan?"

"Firjin lemo. Babba, irin na da. Shi da jitar Tsoho ba sa ga maciji. Da an soka mata waya sai ka ji zuuu, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. In ya juya ƙugin ya tashi, in ya sake juyawa ya kwanta. Amma ba ya mutuwa. Ni na saba, in ban ji shi ba ma sai in ga kamar an ɗauke wuta."

"Ran Asabar an ji shi?"

Mai Ganga ya dube shi. "Ka san kuwa ba a ji ba?"

Jitar na kan tebur a ɗakin ajiya, cikinta a buɗe. Mai Sawu ya ɗaga sabon fikof ɗaya da yatsu biyu, ya leƙa bayansa. Wani abu ɗan mitsitsi na manne da maganaɗisun. Ya ɓanɓare shi da farce, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya soke shi a cikin wuyan rigarsa.

"Mene ne?"

"Sawu."

Ya nuna ƙurar da ke ƙarƙashin ƙusar da ake rataye jitar. "Wannan ƙaton takalmin fa? Ya zo nan ba sau ɗaya ba."

*

Takalmin Dogo ne, mai jita ta biyu, wanda kowa ya san yana jiran gurbin Tsoho. Suka same shi a bayan zauren yana naɗe wayoyi.

"Ina shiga," in ji shi. "In ba kowa sai in sauke ta, in riƙe, in taɓa ba tare da waya ba, in mayar. Laifi ne?"

"In ya ji, laifi ne," in ji Mai Ganga.

"Kana son gurbinsa?" in ji Mai Sawu.

"Wa ba ya so? Amma Kawu, in sata zan yi, yatsunsa zan sata. Kuma wane wawa ne zai gyara wa abokin takara jita? Na taɓa ta bayan ya faɗi. Sautin tas, kamar ruwan sama. In mugunta nake nufi ai sai in bar masa ƙuginsa, shi ne zai kore shi."

"Kore shi?"

Dogo ya dubi ƙofa. "Uwar Ɗaki ta gaji. Masu ɗaukar bidiyo suna ƙorafi, sun ce ƙugin yana ɓata musu aiki. Ta ce wannan watan ne na ƙarshe."

"A gaban wa ta faɗa?"

"Ni dai ji na yi. Ba a gabansa ba."

"Yaushe rabonka da sauke ta?"

"Na zo ran Alhamis, ƙusar wayam. Na ce ko ya tafi da ita gida."

*

Shagon Mai Gyara bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Lasifikoki a kan lasifikoki, warin dalma, ƙarfen liƙi a kan mazauninsa. Ba mai kawo aiki tun ran Asabar. Yana zaune yana goge abin da ba ya buƙatar guga.

"Sannu da zuwa, Kawu."

"Yawwa. Nuna mini bambancin tsohon da sabon. Ni jahili ne."

A nan bakin Mai Gyara ya buɗe. Ya ɗauko ɗaya daga kan benci. "Tsohon naɗi ɗaya ne. Yana jin tsirkiya, amma yana jin duk wata wuta da ke ɗakin, firji ne, fitila ce, fanka ce. Shi ne ƙugin. Sabon naɗi biyu ne, an juya su baya da baya. Ƙugin da ɗaya ya ɗauko, ɗayan ya kashe shi. Sai sautin tsirkiya ya rage shi kaɗai, ya fi kauri ma."

"Ka taɓa faɗa wa Tsoho haka?"

"Sau ɗaya, farkon aurena. Ya ce in ya mutu in sa wa makararsa. Tun daga ranar ko jakarta bai bari na ɗauka ba."

Mai Sawu ya karɓi fikof ɗin. Bayansa ya yi gashi da baƙar ƙurar ƙarfe. Ya ɗauki wani, shi ma haka.

"Duk wanda ya kwana kan bencin nan sai ya yi gemu?"

"Maganaɗisu ne, Kawu. Ina goge ƙarfe a nan. Minti ɗaya ya ishe shi."

"Na kanta fa?"

"Suna cikin kwali, a rufe."

"Kai ka yi aikin?"

"Daga kantata suka fito."

"Ba shi na tambaya ba."

Mai Gyara ya koma gugarsa.

"Za ka rasa shagon nan."

"Shago ana sake wani," in ji shi, bai ɗago ba.

Da suka fito Mai Ganga ya ce, "Ai ya amsa ke nan."

"Ɓarawo musu yake yi," in ji Mai Sawu. "Wannan gadi yake yi."

*

Gidan Tsoho na ƙarshen layi. Mai Sawu ya tsaya a soro. A jikin bango, daidai ƙugu, akwai wani dogon layin dauɗar hannu, ya tashi daga ƙofar waje bai yanke ba sai ƙofar ɗaki. Ya duba silifas ɗin da ke bakin ƙofa. Gabansu ya cinye, dunduniya kamar sabuwa.

Tsoho na kishingiɗe, ƙafa a kan matashi. Auta na zaune a ƙasa tana naɗa masa bandeji. Tela ce, ɗakin ɗinkinta na cikin gidan mijinta. Ta gaishe su, idonta a kan ƙafar.

Mai Sawu ya miƙa hannu bai yi magana ba. Hannun ya tsaya a iska. Sai da ya ce, "Ya jiki, Tsoho?" sannan hannun Tsoho ya taso ya same shi.

"Jiki da sauƙi. Ka kama shi?"

"Ina tafe. Wa ke taɓa jitarka?"

"Ba kowa. Ko uwar yaran nan, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ɗaukar ta ba."

Jakar jitar na jingine da bango. Fatarta ta tsufa, zif ɗinta sabo fil.

"An yi wa jaka gata."

"Auta ce. Tsohon ya ɓalle, ta karɓa ta sake."

"Jakar kaɗai ta ɗauka?"

"Da jitar a ciki mana. Ta ce sai ta gwada a jikinta, kada ya matse. Tela ce, ta san aikinta." Ya ɗaga murya. "Kai, ba zif na sa ka nema ba. Yaron nan na ba shi 'ya, ya saka mini da wannan. Hannun yayana ne a cikin wayar nan. Abin da ya rage mini nasa ke nan."

Auta ta ɗaure bandejin. A babban yatsanta na dama akwai 'yar ƙuna, ta fara bushewa.

"Gobe da hantsi ka zo zaure," in ji Mai Sawu. "A ɗauko ka a kujera in ta kama. Ke ma ki zo, 'yata."

*

Suka hallara a gaban dandamali. Tsoho a kujera, Auta a bayansa. Uwar Ɗaki ta ajiye jakarta a kan cinya. Dogo da Mai Ganga sun jingina da lasifika. Mai Gyara ya tsaya can bakin ƙofa, makullin shago a hannunsa.

"Ba zan daɗe ba," in ji Mai Sawu. "Dogo yana shiga ɗakin ajiya, amma taɓawa kawai yake yi."

"Taɓa me?" in ji Tsoho.

"Wannan shari'ar wata rana ce. Mai Gyara kuma, da shi ya yi, a kan bencinsa zai yi, don can kayan aikinsa suke. Duk maganaɗisun da ya sauka a bencin nan yana tashi da ƙurar ƙarfe. Waɗanda ke cikin jitar ba su da ko ɗigo. Daga kwali suka fito, suka sauka a wani tebur daban. Ga abin da suka ɗauko a can."

Ya zaro shi daga wuyan riga, ya ɗora a tafin hannun Uwar Ɗaki. Ta kai shi kusa da ido.

"Karyayyar allura ce."

"Duba inda idonta yake."

"A tsini." Ta ɗago. "Ta keken ɗinki ce."

Mai Gyara ya taso daga bakin ƙofa. "Gidana akwai keke. A gida na yi aikin."

"Ya isa," in ji Auta. Ta zagayo gaban kujerar ta durƙusa. "Baba, ni ce. Shi bai sani ba sai da aka buɗe ta a gabansa, ya gane liƙina. Ya ce in yi shiru, wai shi suruki ne, in ka tsine masa ba ta kama shi sosai."

Mai Ganga ya yi tari don kada ya yi dariya.

Ta buɗe jakarta, ta fito da ƙunshin ƙyalle mai laushi, ta ɗora a cinyar uban. Yatsunsa suka warware, suka bi sandunan biyu daga wannan kai zuwa wancan. Kafaɗunsa suka sauka.

"Lafiyarsu ƙalau," in ji ta. "Na yanke wayar da tsawo don a iya mayarwa. Shekara nawa ina kallon yadda mijina yake liƙi."

"Don me?"

"Na kawo wa Uwar Ɗaki ɗinki, na ji tana cewa saboda ƙugin za ta sallame ka. Na san in an tambaye ka ba za ka yarda ba. Na ce in ka ji sautin sau ɗaya a gaban mutane, ka ji tafi, sai in faɗa maka."

Uwar Ɗaki ta gyara zama. "Na faɗa. Ba zan yi musu ba."

"Sautin," in ji Tsoho. "Ke kin ɗauka ban san tana ƙugi ba? Ni kurma ne? Yarinya, ido kika cire mini."

Firjin bayan bango na ta aikinsa.

Mai Sawu ya ce, "Ka faɗa, ko in faɗa? Dunduniyarka ta riga ta rubuta a kan katako."

Tsoho ya daɗe yana shafa sandunan. "Hazo nake gani," in ji shi a ƙarshe. "Fari. A gida ina bin bango, a hanya na san kwalbatoci. A kan dandamali fitilu suna shanye sauran. To in na soka waya, ƙugin ya tashi, sai in juya a hankali. Inda ya kwanta, nan jama'a suke. Daga nan ba na ƙara motsi. Ran Asabar na soka, shiru. Na yi ta nema."

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa, a ba ni sanda da kujera a bakin ƙofa? Dogo ya ɗauki jitata?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Dogo.

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ka matsar da firjin."

Wannan karon Mai Ganga bai yi tari ba, dariyar ya yi, sauran suka bi shi. Auta na dariya tana share ido da bayan hannu.

Uwar Ɗaki ta tashi, ta kama haɓar Tsoho ta juya fuskarsa wajen taga, kamar mai duba ɗanta. "Kamar yanar ido ce. Irin ta mahaifiyata. Aka cire mata, ta dawo tana ganin dattin da ke wuyan rigar kowa, har muka yi da-na-sani. Gobe Auta ta kai ka asibiti su duba. Kai kuma," ta juya wajen Mai Gyara, "mayar da makullin nan aljihu, kana ta kaɗa shi kamar mai kiran kaji."

Mai Gyara ya mayar. Ya matso, ya russuna.

"Baba, in ka yarda, akwai hanya. Jitar gurbi biyu gare ta, kuma tana da makunnin zaɓi. A mayar da na yayanka, Baba Babba, ɗaya a gurbin sama, a bar sabo ɗaya a na ƙasa. Ka hau da tsohon, ka nemi jama'a. In ka same su, ka tura makunni."

Tsoho ya ajiye ƙunshin a gefe. Ya ce a miƙo masa jitar. Dogo ya kawo, ya ɗora masa a cinya. Ya shafa wuyanta, ya shafa buɗaɗɗen cikin. Sannan ya ɗaga ta da hannu biyu, ya miƙa wajen da muryar surukinsa ta fito.

"Riƙe. Ka wanke hannu tukuna."

*

Asibiti suka ce yanar ido ce, suka ba shi rana a wata mai kamawa.

Ran Asabar da la'asar ya hau dandamali yana ɗingishi, hannunsa a kafaɗar Dogo. Dogo ya sake shi a kan jinjirin watan nan, ya koma gurbinsa. Tsoho ya soka waya. Zuuu ya cika zauren.

Mai ɗaukar bidiyo ya cire abin kunnensa, ya juyo wajen Uwar Ɗaki. "Hajiya, an ce an gyara."

"An gyara," in ji ta. "Jira."

Tsoho ya juya a kan dunduniyar ƙafarsa mai lafiya. Ƙugin ya tashi, ya sauka, ya kwanta. Ya tsaya, fuskarsa daidai tsakiyar jama'a. Ɗan yatsansa ya tura makunni. Zauren ya yi tsit, har ana jin fanka.

Mai Gyara na tsaye a ƙofar shagonsa, Auta a gefensa, wani mutum na jiransa da lasifika a kafaɗa. Ya ce wa mutumin ya dakata.

Mai Sawu ba ma'abocin kiɗa ba ne. Ya saurari taɓin farko, ya ji ya fito tas. Ya fita, ya mayar wa Auta guntun allurarta, ya wuce yana kallon ƙasa.